Riƙe Hannun Yaro Zuwa Rumfar Zaɓe



An ce in yi magana a kan ko ya dace uba ko uwa su tafi da yaransu wurin jefa ƙuri'a. Amsata ita ce ya dace, amma da sharuɗɗa masu tsauri. Ina roƙon a yi haƙuri da ni har in kai ga sharuɗɗan, domin na san akwai iyaye mata a nan da gabansu ya riga ya faɗi tun da suka ji taken laccar.

Mu fara da halin da muke ciki. A zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairun 2023, mutanen da ke cikin rajistar hukumar zaɓe ta INEC sun haura miliyan 93. Ƙuri'un da aka jefa ba su cika miliyan 25 ba, wato wajen kashi 27 cikin ɗari ke nan. A 2019 kusan kashi 35 ne suka fito, a 2015 kusan kashi 44, a 2003 kuwa an kai kashi 69. Duk zaɓen da ya zo sai layi ya ƙara gajarta. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: alkawuran da ba a cikawa, tsoron rikici, wahalar karɓar kati, da kalmar nan da ta zama ruwan dare a majalisu da shagunan shayi, wai ko ka zaɓa ko ba ka zaɓa ba sun riga sun rubuta. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne wannan kalma a gaban yara ake faɗinta. Fiye da kashi 40 cikin ɗari na 'yan Najeriya ba su kai shekara 15 ba. Yaron da yake da shekara 14 a zaɓen 2023 ya isa yin rajista a 2027, mai shekara 10 kuma zai isa a 2031. Da me za su zo rumfar zaɓe, idan abin da suka taso suna ji ke nan?

Masana siyasa sun daɗe suna binciken dalilin da ya sa wani ke fita zaɓe, maƙwabcinsa kuma ya zauna a gida. A 2003, Alan Gerber da Donald Green da Ron Shachar sun wallafa wani bincike da suka yi a Amurka, inda suka nuna cewa wanda ya jefa ƙuri'a a zaɓe ɗaya ya fi saurin komawa a na gaba, domin abin yana zama masa jiki. Mark Franklin, a littafinsa na 2004, ya duba ƙasashe da dama tun daga 1945, ya ga cewa zaɓuɓɓukan farko na rayuwar mutum su ne ke ɗora shi a kan turbar fita ko ta zaman gida. A Denmak kuma, Yosef Bhatti da Kasper Hansen sun gano cewa matasan da ke zaune tare da iyayensu sun fi waɗanda suka bar gida fita zaɓe. Akwai wata ƙaramar ƙasa a Amurka ta Tsakiya, Kosta Rika, inda iyaye suka saba zuwa da yara ranar zaɓe, har ana shirya wa yaran nasu zaɓen na gwaji da ba a lissafa shi cikin sakamako. Wasu 'yan kasuwa daga jihar Arizona sun ga haka a wata ziyara, suka koma gida suka kafa shirin Kids Voting a 1988.

Mu ba ma buƙatar a zo daga waje a koya mana wannan. Dubi yadda muke yi da Sallar Idi. Yaro ɗan shekara huɗu, wanda salla ba ta hau kansa ba, a yi masa wanka, a sa masa sabuwar riga da 'yar hula, ya riƙe gefen babbar rigar ubansa har fili. Ba ya gane huɗuba. Amma ya ga sahu, ya ga mai kuɗi da talaka kafaɗa da kafaɗa, ya ga kowa ya yi shiru idan liman ya ta da kabbara. Idan ya girma babu mai yi masa lacca kafin ya tafi Idi. Ba ina daidaita ibada da siyasa ba ne, Allah Ya tsare. Hanyar koyarwar nake nufi, wadda gani ya kori ji.

To, a nan ne ake yi mini tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma masu yin ta suna da gaskiya. Suna cewa: Malam, ka manta ƙasar da kake? Ban manta ba. Rikicin da ya biyo bayan zaɓen Afrilun 2011 ya ci rayuka fiye da 800 a jihohin Arewa, kamar yadda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta, cikinsu har da matasa goma masu yi wa ƙasa hidima a jihar Bauchi. Kowa ya tuna abin da aka gani a mazaɓar Gama ta Kano ranar zaɓen cike gurbi na 23 ga Maris 2019, lokacin da masu gora da adda suka cika unguwa. Uwar da ta ga wannan da idonta, babu wanda ya isa ya zarge ta idan ta kulle 'ya'yanta a ɗaki ranar zaɓe.

Sai dai ina so mu tambayi kanmu: 'ya'yan wa ke riƙe da gorar? 'Yan jagaliya a Kano, 'yan kalare a Gombe, sara-suka a Bauchi, ba daga sama suka faɗo ba. Yawancinsu sun fara sanin siyasa tun suna ƙanana, a bayan a-kori-kura ranar gangami, ana ba su hula da 'yan canji suna ihun sunan ɗan takarar da ba su san muƙamin da yake nema ba. Yarinya mai tallar ruwan leda ko gyaɗa ta yini a bakin rumfa, ta ga wanda ya ja mahaifiyar ƙawarta gefe ya miƙa mata taliya da sabulu. A Fabrairun 2018, bayan zaɓen ƙananan hukumomi a Kano, hotunan bidiyo sun bazu a intanet na ƙananan yara suna dangwala ƙuri'a, har INEC ta kafa kwamitin bincike, aka yi ta yi wa Arewa gori da shi. Yaranmu sun riga sun je wurin zaɓe, jama'a. Wasu ne suka kai su, suka koya musu darasin da suke so. Abin da nake kira gare shi shi ne iyaye su karɓe wannan aiki daga hannun ɗan siyasa da yaransa.

Sharaɗi na farko babu sassauci a cikinsa. Yaro ɗan kallo ne. Tsarin mulki ya ce sai mai shekara 18 zai yi rajista, don haka hannun yaro ba ya taɓa takardar ƙuri'a, yatsarsa ba ta shiga tawada, ko da wasa. Uban da ya ƙara wa ɗansa shekaru ya yankar masa kati ya koya masa ƙarya da sata a rana ɗaya, kuma ya sa hannu a zubar da mutuncin yankinsa. Ina kuma ba da shawara kada a shiga da yaron da ya yi wayo cikin 'yar rumfar sirri inda ake dangwalawa. Jaririn da ke goye daban ne. Amma ɗan shekara takwas ko tara zai gane alamar jam'iyya, kuma kafin la'asar duk layinku ya san wanda kika zaɓa. Masu sayen ƙuri'a, waɗanda aka hana shiga da waya wurin dangwale saboda su, ba za su ji kunyar tambayar yaro ba. Dattawanmu da suka yi zaɓen ƙato bayan ƙato a zamanin Babangida sun san abin da ke faruwa idan mai gidan da kake haya ko mai unguwarku ya ga layin da ka tsaya. Idan yaron ya tambaye ka me ya sa aka hana shi leƙawa, ka samu ƙofar darasi ke nan: ka ce masa wannan amana ce tsakanin mutum da Ubangijinsa, ko mijin mace ba shi da ikon leƙa takardarta.

Sai maganar tsaro, kuma wannan hukuncin iyaye ne, domin kowa ya san unguwarsa. Ƙasar nan tana da rumfunan zaɓe 176,846, kuma a mafi yawansu ana yin zaɓe a watse lafiya, a harabar makarantar firamare ko ƙofar gidan mai unguwa, tsakanin maƙwabta da suka san juna. Idan rumfarku tana da tarihin tashin hankali, ko kun ga baƙin fuskoki suna taruwa tun jajibiri, a bar yara a gida, babu muhawara. Idan lafiya lau ce, a fita da wuri, tunda ƙarfe takwas da rabi na safe aka tsara buɗe rumfa, kafin rana ta take. Watan Fabrairu da Maris ba watannin wasa da rana ba ne a Sakkwato ko Maiduguri, a riƙe ruwa da ɗan abin taɓawa. Kada a sa wa yaro riga ko hular jam'iyya, doka ma ta hana tallar ɗan takara a wurin zaɓe.

Me yaron zai gani? Zai ga sunan ubansa da hotonsa a rajistar da aka manna a bango. Zai ga wata matashiya cikin kakin bautar ƙasa, wadda wataƙila daga Inugu ko Ibadan ta zo, ta ɗaga na'urar BVAS ta duba yatsa ko fuskar Alhaji mai kanti, ta duba ta mai gyaran takalmi, kowa ya jira layinsa. Zai ga an ba masu ciki da masu goyo da tsofaffi da masu buƙata ta musamman hanya sun wuce gaba. Zai ga tawadar da aka shafa a gindin farcen ubansa, ya tambayi dalili, a gaya masa don kada mutum ya zaɓa sau biyu ne.

Amma darasin da ya fi girma yana wurin ƙirga. Idan an gama jefawa, malamin zaɓe ya zazzage akwati a gaban kowa, ya ware takardu jam'iyya-jam'iyya, ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, jama'a na amsawa da baki ɗaya: ɗaya, biyu, uku. Wakilan jam'iyyu su sa hannu a takardar sakamako, a ɗauki hotonta da na'ura, a manna kwafi a bango. Ga manyan yara, 'yan shekara 13 zuwa sama, inda wurin ke da natsuwa, wannan rabin sa'a ya fi zango guda na karatun aji. Yaron da ya ƙirga da bakinsa ya ji gwanin ubansa ya faɗi da ƙuri'a bakwai a rumfarsu, ya kuma ga uban ya miƙa wa maƙwabcinsa hannu sun tafi masallaci tare, da wuya wani ya zuga shi gobe ya ɗauki fetur saboda an faɗi zaɓe. Zai kuma ga tarin takardun da aka ware gefe saboda sun lalace, an dangwala sau biyu ko tawada ta tsallaka layi. A 2019 irin waɗannan ƙuri'u sun kusa miliyan 1.3, a 2023 sun haura dubu 900. Mutane ne suka sha rana a banza saboda babu wanda ya taɓa nuna musu yadda ake yi. Mun iya cewa a kasa, a tsare, a raka. Ya kamata masu tasowa su san cewa da ido da alƙalami ake tsarewa.

Bari in juya ga iyaye mata, domin wannan magana ta fi shafarku. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa ba su da wannan dama. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan fafutukar da ta yi a ƙarƙashin NEPU, jam'iyyar su Malam Aminu Kano, kuma 'yancin mata na yin zaɓe yana cikin abin da ta tsaya a kai. Sai a 1976, a zaɓen ƙananan hukumomi, matanmu suka fara jefa ƙuri'a. Akwai kakanni a cikin wannan ɗaki da suka girmi 'yancin nan. Yau kuma sau da yawa abin da ke hana mace fita shi ne rashin wanda za ta bar wa yara. Mijin ya tafi tun da safe, ita tana gida da huɗu ko biyar. Idan muka ɗauka cewa rumfar zaɓe ba wurin yaro ba ce, to mun yanke cewa ba wurin uwa ba ce. Dokar Zaɓe ta 2022 ta amince a raba layin maza da na mata inda al'ada ta buƙaci haka. Saura mazaje su yi nasu: ka jefa taka ka dawo ka karɓi ƙanana, ita ta tafi da babbar 'yarta. Yarinyar da ta ga uwarta ta ƙi karɓar atamfa a bakin layi ba za ta manta ba.

Malaman makaranta ma suna da rabo. Ana koyar da darasin zama ɗan ƙasa a firamare da sakandare, amma yawanci hadda ce ta jarrabawa. A makarantu da yawa shugaban makaranta ne ke naɗa shugabannin ɗalibai. Me zai hana a yi zaɓe na gaske, da kwali a matsayin akwati, da rajista, da ƙirga a filin taro, wanda ya faɗi ya taya wanda ya ci murna a gaban kowa? Makarantun Islamiyya su ma za su iya, su haɗa da karatun amana da shaidar zur. Hukumar zaɓe kuma ina roƙonta ta fito da bayani ƙarara cikin Hausa da sauran harsuna a kan inda yaro zai tsaya da inda ba zai wuce ba, domin kada abin ya zama gardama tsakanin uwa da ɗan sanda a bakin rumfa.

Iyaye, zaɓen 2027 yana tafe. Wanda bai da kati ya je ya yi rajista, ya tafi da ɗansa ya ga yadda ake yi. Ranar zaɓe, idan unguwarku lafiya, ku riƙe hannun yaro guda ku tafi da shi, ku amsa duk tambayar da ya yi muku a hanyar dawowa. Allah Ya ba mu shugabanni na gari, Ya shirya mana zuriya.