Kafin Ka Buɗe Shago

Daga Bauranya zuwa Kusada da Kankia, matasanmu na ta buɗe shagunan POS, cajin waya da sayar da taki. Madalla. Sai dai kafin ka garzaya yin rajistar kasuwanci a hukumar CAC, zauna da abokin kasuwancinka ku rubuta abin da kuka sa gaba, da inda kuke son kaiwa nan da shekara biyar. Ku fi ba da ƙarfi kan abin da kuka haramta wa kanku: tauye mudu, cuɗa taki da yashi, ƙara kuɗin cirewa a ɓoye. Ku tuna, attajiri Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, kan amana yake ba dillalansa jari su sayo masa gyaɗa a ƙauyuka. Ku manna takardar da kuka rubuta a bango, yaron shago ma ya san ta.