Ciwon damuwa bayan haihuwa: ta wace ƙofa za a isa ga uwa?



A Birtaniya, fiye da mace ɗaya cikin goma takan kamu da ciwon damuwa a shekarar da ta haihu, kuma tun 1987 akwai ma'aunin Edinbara mai tambayoyi 10 da ake gwada mai jego da shi. Sai dai ma'auni ba ya aiki sai an amsa shi da gaskiya. Rahoton MBRRACE na 2019 kan mace-macen masu ciki da masu jego a Birtaniya ya nuna cewa haɗarin mutuwar baƙar mace wajen ciki da haihuwa ya ninka na Baturiya sau biyar, kuma irin wannan labari ba ya ɓuya a unguwa. To, in aka miƙa wa 'yar asalin Afirka ko Karibiyan takarda, aka tambaye ta ko ta taɓa tunanin cutar da kanta, fargabarta ita ce kada hukuma ta raba ta da jaririnta. Sai ta ce lafiya lau. Binciken Farfesa Dawn Edge ta Jami'ar Manchesta ya ƙara wani dalili: matan Karibiyan da yawa sun taso da tarbiyyar cewa mace jaruma ce, ta daure, kukanta na coci ne ko na cikin gida.

Shi ya sa nake ganin hikima a gwajin jinyar da Dakta Dung Jidong, ɗan Najeriya, ya jagoranta a Ingila don iyaye mata 'yan asalin Afirka da Karibiyan. Zama 12 ake yi, kuma ta kan yaro ake shiga: ana nuna wa uwa hotunan yadda za ta yi wasa da ɗanta gwargwadon watanninsa, a cikin hirar kuma ana warware tunanin da ke cinta, kamar na cewa ita ba uwar kirki ba ce. Macen da ba za ta taka asibitin ƙwaƙwalwa ba, za ta zo don ɗanta ba tare da jin kunyar kowa ba. Dabarar ma tana da tarihi, domin a Pakistan an nuna a 2008 cewa ma'aikatan lafiya na ƙauye suna iya ba da irin wannan jinya ta tattaunawa.

Wani zai ce, ina abin da ya haɗa jikar mutanen Jamaika da suka sauka Birtaniya a jirgin Windrush a 1948 da Basomaliyar da ta zo gudun hijira jiya? Ƙorafin yana da ƙarfi, don harshe da addini sun raba su. Amma asibiti ɗaya suke shiga, kallo ɗaya ake musu, kuma mai jinyar da ya koyi tambayar mace matsayin addu'a, da suruka, da miji a rayuwarta zai amfani kowaccensu. Wani kuma zai ce gwajin ƙarami ne. Haka ne, matakin share fage ne, kuma kafin hukumar lafiya ta ƙasar, wato NHS, ta zuba kuɗi a kansa sai an maimaita shi da ɗaruruwan iyaye mata a garuruwa daban-daban.