Kwana Uku: Labarin Mai Nonon Anatevka

 

Yau labarin wani dare na kawo muku. Lokacin da na je kwas birnin London, wani abokin aiki ya ja ni gidan wasan kwaikwayo, irin wanda ake haɗa magana da waƙa da rawa. Sunan wasan Fiddler on the Roof, wato Mai Goge a Kan Rufin Ɗaki. An fara nuna shi a New York a 1964, aka mai da shi fim a 1971. An ɗauko shi ne daga labaran wani marubuci Bayahude, Sholem Aleichem. Na shiga ina ƙorafin kuɗin tikiti, na fito jikina a sanyaye.

Ko kun san sana'ar jarumin? Mai sayar da nono ne. Sunansa Tevye, talakan Bayahude a wani ƙauye da wasan ya kira Anatevka, a ƙasar Rasha, a shekarar 1905. Yana da 'yan shanunsa, da mata, da 'ya'ya mata biyar, da doki mai ɗingishi, har ta kai shi da kansa yake jan amalanken nono. Yana tafe yana kai kukansa ga Ubangiji. Kai makiyayi, da ka gan shi sai ka ce ka san shi.

A wancan zamani sarakunan Rasha sun keɓe wa Yahudawa wani yanki a yammacin daular, tun 1791 har 1917. Mafi yawansu ba su da izinin zama a wajensa. A ciki ma ba kwanciyar hankali, domin jefi-jefi gungun mutane kan auka wa unguwanninsu, hukuma ta kawar da kai. A garin Kishinev kaɗai, a 1903, an kashe Yahudawa kusan 50. Shi ya sa wasan ya buɗe da mai goge a saman rufi: yana kiɗa, yana gudun kada ya zame ya faɗo.

Rabin farko duk dariya muke yi. Mai dalilin aure ta samo wa babbar 'yar miji, wani mahauci mai kuɗi wanda ya yi sa'ar mahaifinta. Yarinya kuwa ta ce sai wani talakan tela da ko keken ɗinki bai mallaka ba. Uba ya yi faɗa, ya haƙura. Aka ɗaura aure, ana cikin rawa, sai ga shugaban 'yan sandan ƙauyen da mutanensa. Suka kifar da tebura, suka farfasa kayan amarya.

To, ku saurara da kyau, nan ne maganar take. Wannan ɗan sanda ba baƙo ba ne. Ya san Tevye shekara da shekaru, suna gaisawa, suna raha. Har ya riga ya raɗa masa cewa za a ɗan yi tashin hankali, wai umarni ne daga sama. Ya ji kunya, amma ya aikata. Ba da daɗewa ba ya dawo da takarda: duk Yahudawan ƙauyen su sayar da abin da suka mallaka, su tashi. Wa'adi kwana uku.

Ɗan kasuwa, kai ka fi kowa sanin ma'anar kwana uku. Wanda aka ba kwana uku ba ya ciniki, abin da aka taya shi zai sallama. Gidan da kaka ya gina sai ya tafi a kuɗin akuya. Kabarin iyaye kuwa ba a ɗora shi a amalanke. Haka iyalin suka watse: uba da uwa da ƙananan yara suka nufi Amurka, tela da matarsa Poland, wata 'yar tana can Siberiya inda aka kai saurayinta zaman horo. Ƙauyen ƙirƙira ne, amma hijirar gaskiya ce: tsakanin 1881 da 1914 Yahudawa kusan miliyan 2 suka bar daular Rasha.

Wasan bai wanke Tevye ba. Da 'yarsa ta uku ta auri Kirista ɗan Rasha, cewa ya yi a ɗauka ta mutu. Sai ranar tafiya, yana ɗaure kaya bai ko ɗago kai ba, ya yi mata addu'a ƙasa-ƙasa, yayarta ta isar mata. Wata tsohuwa da ke kusa da ni sai share hawaye take yi.

Na san wani zai ce, Malam, duk abin da ke faruwa da Falasɗinawa, labarin Yahudawa ka ga damar kawo mana? Amsata ita ce, mai nonon 1905 ba gwamnati ba ne, ba soja ba ne. Wanda ya san zafin a kore shi daga gidansa, ya kamata ya gane zafin a jikin kowa, ko wane ne.

Mu ma ai mun san wa'adi. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fita. Hausawa da Yarabawa da yawa, wasu a can aka haife su, suka bar rumfunansu. A Janairu 1983 Najeriya ta yi irin nata, fiye da mutum miliyan ɗaya suka fita, akasarinsu 'yan Ghana. Jakar nan mai zane-zane da kuke sayarwa a kan iyaka, daga nan ta samo sunanta. Waɗannan batun takardu ne, na Rasha kuwa ƙiyayyar addini da jinsi ce, amma ɗaurin kayan iri ɗaya ne.

Tun daga wannan dare, mutanen da nake tunawa su ne maƙwabtan da suka rage a ƙauyen. Wa ya sayi shanun? Nawa ya biya? Kora ba ta farawa da takarda. Tana farawa ne ranar da aka ce a kasuwa, "ai duk halinsu ɗaya," kowa ya yi shiru. Yau a faɗa wa Bafulatani, gobe Buzu, jibi kai da ka ƙetara iyaka da kayanka.

Saboda haka ga roƙona. In an ɗora laifin mutum ɗaya a kan ƙabila, ka buɗe baki ka ce ba haka ba ne. In maƙwabcinka ya tashi ba shiri, ka sayi saniyarsa kuɗin kasuwa, ko ka riƙe masa amana har ya waiwayo. Magabata sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ni kuwa na ce ka fara watsa wa nasa tukuna.

Allah Ya zaunar da mu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kai matafiya gida. Sai wani makon, in da rai da lafiya.