Yadda Za Mu Kula Da Ƙananan Injinan Fetur

Jawabin da Editan wannan jarida ya gabatar ga manoman rani da masu sana'ar inji

 

An nemi in yi magana a kan ƙananan injina masu shan fetur da suka shigo cikin sana'o'inmu. Ina nufin injin ban ruwa, da zarton inji na yankan itace, da injin yankan ciyawa da muke gani a makarantu da asibitoci, da injin feshi na goyo, da kuma ƙaramin janareta. Dattawan da ke nan sun yi zamanin jigo. Daga shekarun 1980 hukumomin raya aikin gona, irin su KNARDA a Jihar Kano, suka fara yaɗa injin ban ruwa. Daga bisani shirin Fadama na ƙasa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa a farkon shekarun 1990, ya ƙara yaɗa shi. Yau da wuya ka shiga fadama ba ka ji ƙarar inji ba.

To, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mai ya ninka. Kayan gyara kuwa, da yake daga waje ake shigo da su, sun yi tsada ƙwarai. Wanda injinsa ya buga lokacin da tumatir ke fure, ko alkama ke ɗaukar ciki, kafin ya haɗa kuɗin gyara gona ta ƙone. Abin da nake so mu riƙe shi ne, ba kasafai tsufa ke kashe inji ba. Abubuwa uku ne suka fi kashe shi: gurɓataccen fetur, da rashin baƙin mai, da ƙura. Duka ukun a hannun mai inji suke, tun kafin a kai ga bakanike.

San Irin Injinka

Injinan nan iri biyu ne. Akwai mai bugu huɗu, wanda yake da ɗakin baƙin mai daban, tankin fetur daban. Yawancin injinan ban ruwa, kamar Honda da Robin, da injinan yankan ciyawa na turawa, irinsa ne. Zallar fetur ake zuba musu.

Akwai kuma mai bugu biyu, wanda ba shi da ɗakin baƙin mai. A cikin fetur ake gauraya masa mai, kamar yadda ake yi wa wasu tsofaffin babura. Zarton inji, da injin feshi na goyo, da ƙaramin janaretan nan na masu shago, duk irinsa ne. Idan ka zuba wa wannan zallar fetur, cikin 'yan mintoci fistin zai yi zafi ya kama, aikin ya ƙare.

Man da ake gaurayawa shi ne wanda aka rubuta 2T a jikin robarsa, ba baƙin man mota ba. Kamfanin Stihl na Jamus, wanda yake ƙera zarto mai fetur tun 1929, ya ce a yi haɗin kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai. Wato kowace lita 1 ta fetur a sa mata mililita 20, lita 5 kuwa mililita 100. Wasu injinan masu araha suna bukatar ninkin haka, wato mililita 40 a lita. Ka duba jikin tanki ko littafin da inji ya zo da shi. Kada ka auna da ido. Sayi sabon sirinji mai cin mililita 20 a kemis, ka cire allurar, ya zama ma'auninka. A cikin jarka mai tsabta za ka yi haɗin, ka girgiza, sannan ka zuba a tanki.

Fetur Mai Tsabta

Hanyoyin mai da ke cikin kafireta ba su fi kaurin allura ba. Ƙwayar yashi guda ta isa ta toshe su. Don haka ka ware jarka guda ta fetur kaɗai, mai murfi, kuma ka riƙa tacewa da mazurari mai rariya ko ƙyalle mai tsabta. In da hali ka sayi mai a gidan mai. Na 'yan bumburutu wani lokaci yana zuwa da ruwa ko kananzir, ga shi yana yini a rana. Araha ba ta ado.

Shi ma fetur yana tsufa. Idan ya wuce wata guda a ajiye, ƙarfinsa yana raguwa, ya bar wani danƙo a cikin kafireta. Ka haɗa daidai wanda za ka ƙarar cikin 'yan makonni. Kuma kada ka ƙara mai inji yana aiki ko yana da zafi. Kashe shi, ka ba shi mintoci ya huce.

Baƙin Mai

Ga mai inji mai bugu huɗu, kullum kafin ka ja igiya ka duba baƙin mai. Ajiye injin a wuri daidaitacce, ka buɗe murfin ma'auni, ka ga man ya kai inda aka yi alama. Injin Honda GX160, wanda ya yi yawa a fadamunmu, ɗan abin da ya ɗara rabin lita kawai yake ci, wato lita 0.6. Ka ga kuwa ko kaɗan ya ragu an shiga haɗari. Masu ƙera shi sun ce sabon inji a juye masa mai bayan awa 20 na farko, daga nan kuma duk bayan awa 100. Wanda yake ban ruwa awa 5 a rana, ke nan duk kwana 20 zai juye. Injin yankan ciyawa kuwa galibi duk awa 50 ne, ko sau ɗaya a shekara. A juye mai lokacin da inji ke da ɗumi, don ya fito da dattinsa. Mai lamba SAE 30 ko 10W-30 ya dace.

Abu biyu nake jan kunnenmu a kansu. Na farko, kada a girke inji a karkace a gaɓar rafi, domin mai zai taru gefe guda, ɗaya gefen ya bushe. A share wuri a sa katako. Na biyu, wasu injinan suna da na'urar da ke kashe su idan mai ya yi ƙasa. Akwai masu cire wayarta wai tana damunsu. Wannan daidai yake da korar mai gadi don ya yi ihun ɓarawo.

Iska Da Fulogi

Lokacin noman rani shi ne lokacin hunturu, lokacin ƙura. Ƙurar da ta shiga inji tana cin fistin da zobbansa kamar magagari. Matatar iska ce ke tare ta. Idan ta soso ce, a wanke da ruwa da sabulu, a bari ta bushe sarai, a ɗiga mata sabon baƙin mai kaɗan a matse. Idan ta takarda ce ba a wanke ta, kakkaɓewa ake yi, in ta yi baƙi a sake. A hunturu a duba ta duk mako, ta zarto kuwa duk ranar aiki. Kada a tayar da inji babu ita, ko na minti biyar ne.

Fulogi yana gaya maka lafiyar inji. Idan bakinsa ruwan ƙasa ne mai haske, lafiya lau. Idan baƙi ne da kunkunniya, mai ya yi yawa ko iska ta toshe. Idan jiƙe yake da baƙin mai, zobba sun fara ci. Idan fari ne fat, inji yana zafi fiye da kima, a kai wa bakanike. Tazarar bakinsa a injin ban ruwa milimita 0.7 zuwa 0.8 ce, a yawancin zartuna kuwa 0.5. Ka ajiye sabo guda da sifanarsa a jakarka.

Kowanne Da Halinsa

Injin ban ruwa ba a tayar da shi sai an cika tukunyar famfonsa da ruwa. Idan ya yi gudu a bushe, abin da ke hana yoyo a cikinsa zai ƙone. A ɗaura rariya a bakin tiyo, kuma kada a bar ta kwance a cikin yashi. Irin wannan famfo ba ya jawo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, kome ƙarfin injin.

Zarto kuwa yana da tanki na biyu na man sarƙa. Duk lokacin da ka zuba fetur ka cika shi. Don gwadawa, nuna bakin zarton ga kututture ba tare da ya taɓa ba, ka ba shi wuta, za ka ga layin mai ya fantsama. Kada a zuba masa ƙonannen man da aka juye daga mota. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take fitarwa. Idan ka ga gari kamar na tuwo, ta dakushe, sai a wasa da zagayayyen magagari daidai girman haƙoranta. Dakusasshiyar sarƙa tana shan mai, tana gajiyar da mai aiki. Babban haɗarin zarto shi ne idan saman ƙarshen bakinsa ya taɓa itace, sai ya yi tsalle ya dawo fuskar mutum kafin ƙiftawar ido. A riƙe da hannu biyu, kada a yi yanka sama da kafaɗa, a tabbata birkin sarƙa yana aiki. A ƙasa ake ajiye shi a tayar. A toshe kunne, a kare ido, a sa takalmi rufaffe. Sannan kada mu manta, sare itace sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

Injin yankan ciyawa, kafin ka kai hannu wajen wuƙarsa, cire hular fulogi, domin juya wuƙar da hannu yana iya tayar da shi. Idan za ka kifa shi, ɓangaren matatar iska ya kalli sama, don kada mai ya kwarara cikinta. A tsince duwatsu daga fili kafin a fara, a kori yara nesa. Bayan wasa wuƙa a rataye ta a ƙusa ta ramin tsakiya. Gefen da ya rinjaya a ƙara goge shi, in ba haka ba inji zai riƙa karkarwa har notuna su kwance.

Idan Ya Ƙi Tashi

Kada ka yi saurin kwance kafireta. Bi a hankali. Akwai mai? An kunna makunni? An buɗe famfon mai? An rufe cok idan inji da sanyi? Baƙin mai ya cika? Sannan ka dubi fulogi da matatar iska. Idan fulogi ya jiƙe da fetur, goge shi, ka buɗe cok, ka ja igiya sau da yawa kafin ka mayar. Idan duk ka bi waɗannan bai tashi ba, to aikin bakanike ne. Ka tsaya a kansa, kuma ka karɓi tsohon abin da ya cire.

Ajiya Da Kare Rai

Idan damina ta faɗi za a ajiye inji, a juye fetur, a tayar da shi har ya mutu da kansa. A sake baƙin mai, a zubar da ruwan tukunyar famfo. A cire fulogi a ɗiga mai cokalin shayi guda, a ja igiya a hankali, a mayar. A ɗora shi a kan katako a rufe, saboda ɓera da zanzaro mai gini a cikin salansa.

Na ƙarshe, kuma mafi girma. Hayaƙin inji yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana sa ciwon kai da barci, daga nan sai mutuwa. Kada a tayar da janareta a ɗaki, ko zaure, ko shago a rufe, ko kusa da taga. Kada a zura inji cikin rijiya don ruwa ya yi nisa, mutum kuma ya bi shi. An yi asarar rayuka ta wannan hanya.

'Yan uwa, kowa ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta ranar da ya juye mai da awowin da inji ya yi. Wanda bai iya ba, ɗansa ya rubuta masa. Minti biyar na dubawa da safe bai kai kuɗin fistin ba, balle kuɗin gona guda. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu albarkar noma, ya tsare mu daga haɗari.