Jawabin Uban Ƙungiya a Bikin Ƙaddamar da Ƙungiyar Zari-Ruga ta Dattawa a Bauchi

 

   

Bauchi ba baƙuwar wasanni ba ce. Sau biyu garin nan ya karɓi Bikin Wasanni na Ƙasa, a 1991 da 2000. A filin Abubakar Tafawa Balewa muka kalli gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta matasa a 1999, muka sake kallon ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Da yawa daga cikinmu mun yi ihu har murya ta dushe ranar da Wikki Tourists ta ɗauko kofin ƙalubale a 1998, bayan ta doke Plateau United a bugun fanareti. To, samarin da suka cika filin nan a waɗancan shekaru, ina suke yau? Mu ne. Muna majalisa a ƙofar gida, tumbi ya fito, kowa da ƙunshin maganin hawan jini ko na ciwon suga a aljihun gaba.

A irin wannan majalisa aka haifi ƙungiyar nan. Mun dawo daga jana'izar wani abokinmu, tsohon ɗan wasa, wanda ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa. Muka zauna shiru. Can sai ɗayanmu, wanda ya koyi zari-ruga a Kano, inda ƙungiyar Barewa take renon yara a wannan wasa, ya shiga gida ya fito da wata tsohuwar ƙwallo mai siffar ƙwai, fatarta duk ta koɗe, ya ajiye a tsakiyar tabarma. Ya ce, “Asabar, bayan sallar asuba.” Ba mu kai goma ba ranar farko. Ban manta yadda na tsaya na dafa gwiwa bayan gudun da bai fi taku talatin ba, ƙirjina kamar ana zuga wuta, hazon hunturu na shiga maƙogwarona. Asabar ta gaba kuma kowa ya dawo.

Mun sha tambaya. Wasu suka ce me ya haɗa mai furfura da wasan da ake kayar da mutum ƙasa? Tambayar tana kan hanya, shi ya sa nake so in ba ku tarihin waɗanda suka riga mu.

A 1948, shekara uku kacal bayan yaƙin duniya na biyu, birnin Tokyo bai gama fita daga toka ba, wasu tsofaffin 'yan wasa suka kafa ƙungiyar da suka kira Fuwaku. Sharaɗin shiga ɗaya ne: sai ka cika shekara 40. Sunan yana nufin wanda ya daina ruɗewa, kirari ne da ake yi wa ɗan arba'in a Japan. Mu ma mun san darajar wannan shekara, domin a cikinta aka aiko Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Har yau ƙungiyar tana nan. Abin da ya fi kama zuciyata shi ne yadda suka tsara launin wando. Ɗan arba'in fari yake sawa, ɗan hamsin shuɗi mai duhu, ɗan sittin ja, ɗan saba'in rawaya, ɗan tamanin shunayya, wanda kuwa Allah ya kai shi casa'in sai ya sa mai ruwan zinare. Kana cikin gudu, ka hango launin wandon wanda ke gabanka, ka san irin ƙarfin da ya halatta ka sa masa. Lokacin da Japan ta karɓi gasar cin kofin duniya ta zari-ruga a 2019, duniya ta ga wani likita, Ryuichi Nagayama, yana taka fili yana da shekara 86.

Daga baya, a 1979, aka yi bikin farko na wasan dattawa da ake kira Golden Oldies a birnin Auckland na New Zealand. Su daga shekara 35 ake shiga, kuma ba a lissafa maki don a ce wane ya ci wane. Mai jan wando ana iya riƙe shi, amma ba a kai shi ƙasa.

Da na karanta wannan sai na ce ai tarbiyyar gidanmu ce aka ɗinka a jikin wando. Bahaushe ba ya wuce babba da takalmi, ba ya miƙa masa hannu sai shi ya fara miƙowa. Ga kuma wasan kansa: ba a miƙa ƙwallo gaba da hannu, sai dai ka ba na bayanka ko na gefenka, saboda haka duk saurinka dole ka waiwayi ɗan'uwanka. Idan mutum takwas suka haɗa kafaɗa suka duƙa suna tura takwas, wanda ya taɓa kokawa a dandali bayan girbi zai gane abin nan take.

Mun ɗauki tsarin launin nan, da gyara ɗaya: namu wandon zai rufe gwiwa, kamar yadda malamanmu suka ba mu shawara. Kuma babu wanda zai taka fili sai likita ya auna jininsa ya saurari zuciyarsa. A kan wannan ba sani ba sabo, ko da ni ne. Mun rasa aboki ɗaya a shago, ba za mu yi sakacin da zai sa mu rasa wani a fili ba.

Ga hukumomin wasanni, roƙonmu kaɗan ne: fili mai ciyawa, awa biyu a safiyar Asabar. Ƙasa mai tsakuwa ba ta yi wa ƙashin dattijo adalci. Ga iyalanmu, mun gode da ruwan zafi da man shafawa, da haƙurin wanke rigunan da ke dawowa jajur da ƙura. Ga mai masar da ke jiranmu a bakin hanya kowace Asabar, ita ma tana cikin tarihin nan, don rabin hirar da ta riƙe mu a kan masarta aka yi ta.

Da sunan Allah, da izinin iyayenmu sarakuna, na ƙaddamar da wannan ƙungiya. Ina roƙon yayanmu, wanda ya fi kowa shekaru a cikinmu, ya taso ya karɓi wandonsa rawaya, shi zai fara buga ƙwallo. Alhaji, bismillah.