Haƙƙin Karen Ruga Idan Tafiya Ta Kama: Jawabi Ga Makiyaya Da Fataken Shanu Na Gadarif



Mun saba idan muka taru mu yi maganar burtali da mashaya da haraji. Yau kuwa za mu yi magana a kan wani ma'aikaci da ke cikin kowace ruga, wanda ba ya karɓar lada, ba ya barci idan mun yi barci, kuma ba a cika tunawa da shi ba ranar da ake ɗaure kaya, watau kare. Wani zai ce wannan ƙaramar magana ce. To, a yi mana haƙuri a saurara, domin lafiyar 'ya'yanmu da ta dabbobinmu, har da zaman lafiyarmu da manoma, duk suna da igiya a wuyan wannan dabba.

Kowa a nan ya san yadda shekararmu take. Idan ruwa ya sauka wajen watan Yuni, baƙar ƙasar Gadarif ta zama taɓo, ƙudaje suka taso, sai mu nufi arewa zuwa Butana. Idan kaka ta yi aka yanke dawa, sai mu juyo kudu, wasu su bi kogin Rahad ta wajen Hawata da Mafaza, wasu su bi Atbara da Setit, wasu su gangara ta Doka har kusa da Gallabat a bakin iyakar Habasha. A dā wannan tafiya cikin daji ake yin ta. Amma tun da aka soma noman tarakta a yankin Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, aka kuma kafa hukumar noman inji a 1968, gonakin dawa da riɗi suka yi ta cin daji, har burtali, wanda Larabawa a nan suke kira masar, ya tsuke tsakanin gona da gona. Sakamakon haka, karen da a dā ba ya gamuwa da kowa sai kura da dila, yau a bakin ƙauye yake kwana, a hafir guda yake shan ruwa da karnukan gari. Hanyar ta canja, tilas kuwa irin kulawar da ake yi masa ta canja.

Kafin mu wuce, bari mu kau da wani abu da ke sa wasu su yi wa kare riƙon sakainar kashi. Shari'a ta yarda a ajiye kare domin tsaron dabbobi da gona da farauta, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Malamanmu da ke zaune a nan sun san hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya ɗebo ruwa a rijiya da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ajiye dabba ya sa ta aiki, ci da sha da lafiyarta sun hau kansa, ko a gida ko a kan hanya.

Abu na farko, kuma mafi girma, shi ne ciwon haukan kare, wanda a nan ake kira sa'ar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan dukkan waɗanda suka kamu daga cizon kare ne ko yaƙushinsa. Ƙwayar cutar tana cikin yawu, tana bin jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ta bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Wannan jinkiri shi ne tarkon da ke kama matafiyi: an ciji yaro a Butana, miki ya warke, an manta, sai an sauka Rahad ciwo ya tashi. Idan kuwa ya tashi, mutum ya fara tsoron ruwa, to, babu asibitin da ke da maganinsa.

Amma rigakafinsa yana nan tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya fara yi wa wani yaro allurar a ƙasar Faransa. Ana yi wa kwikwiyo allura idan ya kai wata 3, sa'an nan a riƙa sabunta ta kamar yadda likitan dabbobi ya tsara, galibi shekara-shekara. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na yanki allura, cutar takan yanke. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka a nemi allurar tun ana zaune kusa da gari, kafin a tashi, a karɓi takardarta, a ajiye ta tare da takardun shanu. Ranar da karenka ya ciji ɗan wani a ƙauye, wannan takarda ita ce za ta kwantar da hankalin mutane, ta hana ƙaramar magana zama rikicin makiyayi da manomi.

Idan tsautsayi ya faɗa kare ya ciji mutum, ko namu ne ko baƙo, nan take a wanke wurin da ruwa da sabulu har tsawon minti 15. Kada a ɗaure mikin tam, kada a cusa masa toka ko ƙasa ko gashin kare. Daga nan a nufi asibiti mafi kusa a ranar, domin a fara allurai, kuma a cika su duka ko da ruga ta yi gaba. Addu'a muna yi, amma tare da tafiya asibiti. Karen da ya yi cizon, idan an san shi, a ɗaure shi a keɓe kwana 10 ana ba shi abinci ana lura da shi, amma kada a jira ƙarshen kwanakin kafin a kai mutum. Tun da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023, samun magani ya ƙara wuya a ƙasar nan, don haka kowane ardo ya bincika tun kafin tashi a wane gari ne a kan hanyarsa ake samun allurar.

Ga wani gargaɗi na musamman ga samarinmu. Saniya ma tana kamuwa idan mahaukacin kare ko dila ya cije ta. Za a ga tana kuka ba ƙaƙƙautawa, yawu yana dalala, ta kasa haɗiya kamar wani abu ya maƙale mata a maƙogwaro. A nan ne makiyayi mai tausayi yakan zura hannu a bakinta don ya ciro abin, alhali hannunsa da tsaga ko ƙaya. Kada a yi haka. A ware ta, a kira ma'aikacin dabbobi.

Abu na biyu shi ne abin da kare yake ci. A kan hanya, idan aka yi yanka, aka ga huhu ko hanta da 'yan jakunkuna cike da ruwa, al'ada ita ce a jefa wa kare. Fatake da mahauta sun san wannan abu sarai, musamman a huhun raƙumi da hantar tumaki. Waɗannan jakunkuna 'ya'yan wata ƙaramar tsila ce. Idan kare ya ci, sai su girma a hanjinsa, ya riƙa zubar da ƙwansu a kashinsa a kan ciyawa da bakin mashaya. Dabbobi su ci su kamu, yaron da ya shafa kare ya ci abinci bai wanke hannu ba shi ma ya kamu, jaka ta yi shekaru tana girma a hantarsa har sai an kai ga fiɗa. Haka kuma tunkiyar da muke gani tana juyi a wuri ɗaya ta karkace kai, sau da yawa wata tsila ce ta kare ta yi mata jaka a ƙwaƙwalwa, kuma ɗanyen kan irin wannan tunkiya da aka bar wa kare shi ke ci gaba da yaɗa ta. Maganin abin bai kai kuɗin ɗan akuya ba: kayan cikin da ke da jaka a ƙone ko a binne da zurfi, na ƙwarai a dafa kafin a ba kare, sa'an nan a ba shi ƙwayar tsutsa da ake kira firazikwantel aƙalla sau 4 a shekara. Ɓarin saniya da mahaifa su ma a binne, kada a bar kare ya ja su cikin ruga, domin ta nan bakkale ke yawo.

Karen da aka ba tuwon dawa da nono safe da yamma ba ya zuwa neman mushe, ba ya shiga ƙauye satar kaji, ba ya cin naman guba da aka ajiye wa kura. Ba a kiwon kare ranar farauta. Wanda ya bar shi da yunwa wata uku, kada ya yi mamaki idan ɓarawon shanu ya saye shi da ƙashi guda.

Abu na uku shi ne zafi da ƙishirwa. A watan Afrilu zafin Gadarif yakan wuce digiri 40. Kare ba ya yin gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi, kuma hakin ruwa yake ci. Kare mai nauyin kilo 20 yana buƙatar fiye da lita guda a rana ko yana kwance, balle yana kai da komowa tsakanin goshin garke da bayansa. A sa rabonsa cikin lissafin jarka da salka, a ware masa kasko nasa daban da ƙwaryar mutane. Idan aka ga harshensa ya yi ja ya zazzalo, yana tangaɗi, a kai shi inuwa a zuba masa ruwa a ciki da wuya da ƙafafu, a ba shi ya sha kaɗan-kaɗan. Da yamma idan an sauka, a duba tafin ƙafarsa saboda ƙaya da ƙarangiya, a duba kunnuwa da tsakanin yatsu saboda kaska. Kwikwiyo da karyar da ta kusa haihuwa ba su iya tafiyar garke, a ɗora su a kwando bisa jaki.

Yanzu da yawa daga cikinmu, musamman fatake, a lori suke ɗaukar iyali ko dabbobi. Idan kare zai hau, kada a ɗaure shi da zarge a gefen mota inda zai iya tsalle ya rataye, kada a sa shi ƙarƙashin ƙafafun shanu, kada ya kwanta a kan ƙarfen da rana ta gasa. A shimfiɗa masa buhu a lungu mai inuwa da iska, a sauke shi ya sha ruwa duk inda aka tsaya. Kada kuma a kulle shi a gaban mota a tafi cin kasuwa, domin zafin ciki yana iya kashe shi kafin a gama ciniki.

Sai maganar magani. Jikin kare ba jikin saniya ba ne. Allurar Berenil da muke yi wa shanu saboda sammore tana iya taɓa ƙwaƙwalwar kare ta kashe shi idan aka ɗara kaɗan. Ruwan wankan kaska da aka haɗa da ƙarfin shanu, da maganin feshin gona, da ƙwayoyin ciwon jiki na mutane, duk suna iya zame masa guba. A tambayi ma'aikacin dabbobi kafin a ba shi kowane abu.

Wurin sauka ma abin lura ne. Ƙasar nan tamu tana cikin wuraren da kala'azar ya fi yawa a duniya, musamman gaɓar Rahad da Atbara. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne da bai kai sauro ba yake kawo shi, yana zaune a dajin dushe da aduwa inda baƙar ƙasa ta tsattsage, yana cizo daga magariba zuwa dare, kuma ya fi yawa a ƙarshen rani. Masu bincike sun taɓa samun ƙwayar cutar a jikin karnuka a ƙauyen Barbar al-Fugara. Don haka a kafa ruga a fili nesa da irin wannan kurmi, yara su kwana cikin gidan sauro, kare kuma ya kwana a bakin garke inda aikinsa yake. Zazzaɓin da ya wuce mako 2 tare da kumburin saifa, asibiti ake kai shi.

Na ƙarshe, kada a tashi a bar kare a kufai. Wanda aka yasar ba ya komawa ko'ina sai cikin karnukan da ba su da mai su, ya koyi kama tumaki, ya ɗauki cuta, kuma duk ɓarnar da ya yi za a ce karen makiyaya ne. Idan 'yan kwikwiyo sun yi yawa, a nema musu masu riƙo tun da wuri.

Mu kuma muna da kira ga hukuma. Ma'aikatan da ke zuwa yi wa shanu allura a mashaya da kasuwanni irin su Shuwak da Gadarif su riƙa zuwa da allurar karnuka a tafiya guda. A ajiye allurar mutane a asibitocin karkara da ke kan burtali. Idan za a zuba gubar karnuka a wani gari, a sanar da ardo-ardon da ke kusa. Ƙasashen duniya sun sa wa kansu 2030 a matsayin shekarar da za a daina mutuwa saboda cizon mahaukacin kare, kuma ba za a kai ga haka a Sudan ba sai da karnukan da ke tafiya. Da haɗin kan makiyaya aka ga bayan bushiya, har aka yi shelar ƙarewarta a duniya a 2011. Abin da muka yi wa shanu, za mu iya yi wa mai gadinsu.

Muna roƙon kowane ardo, idan ya koma, ya ƙirga karnukan rugarsa kamar yadda yake ƙirga maruƙa, ya san wanda aka yi wa allura da wanda ba a yi wa ba, ya kawo mana adadin kafin tashin damina, domin mu sami abin da za mu riƙe idan mun je gaban hukuma.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kawo wa ƙasarmu zaman lafiya, Ya kai mu Ya dawo da mu da dukiyarmu lafiya.