Jawabi Kan Sankarar Mazakuta

 Yau mu ajiye kunya, mu yi maganar sankarar mazakuta. Ba ta da yawa, kaciyar yarinta kuma tana rage haɗarinta, amma akwai irin da ke yaɗuwa da sauri. Gyambo ko ƙullutu ya kai mako 4 bai warke ba, a je asibiti, kada a ce sanyi ne. Likita zai yanki 'yar tsoka a auna, ya kuma duba kaluluwar matsematsi, don can take fara sauka. A lissafin Amurka, in ba ta yaɗu ba, kusan mutum 8 cikin 10 suna kai shekara 5 da rai. In ta yi nisa, kusan 1 kacal. Jama'a, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah Ya ba mu lafiya.